Ciyawar teku a Tawa: bayanan tafiyar aiki

6 ga Nuwamba 2023

Yau da safe na kai wa shugaban makarantarmu takardar aikin da nake son ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya ta yi a bana, wato nazarin wata ciyawa da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwan teku, wadda masana ke kira Zostera marina. Ya karanta takardar har ƙarshe, ya cire tabarau, sannan ya ce: "Malam, tsakanin Tawa da bakin teku mafi kusa akwai kusan kilomita 1000, kuma da wuya a samu a cikin yaran nan wanda ya taɓa wuce Konni. Me ya haɗa su da ciyawar teku?" Na ce masa, ranka ya daɗe, ɗan Adar ya san abin da ke faruwa da ƙasa idan aka rasa tsiron da ke riƙe ta, domin yana ganin yadda ƙorama ke cinye gonar ubansa kowace damina, kuma aikin da wannan ciyawa ke yi a gindin teku ke nan. Ya amince, amma ya gaya mini tun da wuri cewa babu ko dala da makaranta za ta bayar.

Abu biyu muka ɗauka: ɗan littafi na shafi 16 da Hausa, da kuma kwami biyu da za mu nuna aikin ciyawar a cikinsu. Wa'adinmu 1 ga Maris, ranar da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya keɓe wa ciyayin teku a watan Mayu na 2022 bisa shawarar ƙasar Siri Lanka. Ɗalibai 14 suka rubuta sunansu.

18 ga Nuwamba 2023

Zaman farko ya tafi gaba ɗaya a kan suna. Da na ce "ciyawar teku", abin da ya zo wa yaran a rai shi ne gansakuka, koren nan mai santsi da ke kwanciya a kan ruwan tafki da bakin rijiya, kuma sai da na ɗauki lokaci kafin na raba musu su biyun. Gansakuka ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure, ba ta ƴaƴa. Ita kuwa Zostera tana da saiwa da ganye da jijiyoyin da ruwa ke bi a cikinta, tana fure, tana kuma zubar da iri kamar gero, domin kakanninta tsirran tudu ne da suka koma cikin teku miliyoyin shekaru da suka wuce. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya ba ta wannan suna a 1753, daga kalmar Girkanci mai nufin ɗamara, saboda ganyenta siriri ne, dogo, faɗinsa bai cika wuce santimita ɗaya ba, tsawonsa kuma yakan haura mita a ruwa mai ɗan zurfi. Tana yin fili guda kamar makiyaya a gaɓar tekunan arewacin duniya masu sanyi da matsakaicin yanayi, a Atilantika da Fasifik, tun daga Alaska da Norwe har zuwa arewacin Meziko da Bahar Rum.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne bununinta. Duk sun san yadda iska ke kwashe bununin gero daga zangarniya zuwa zangarniya, amma a ƙarƙashin ruwa babu iska, don haka bununin wannan ciyawa zare-zare ne dogaye da ruwa ke ja har su sarƙe a jikin wani furen. Na ƙara musu da cewa a 2016, da aka gama karanta kundin ƙwayoyin gadonta, an tarar ta zubar da ƙwayoyin da ke gina ƙananan ƙofofin numfashi da ganyen tsirran tudu ke da su, tunda ba ta da sauran buƙatarsu.

Kafin mu tashi na auna gishiri giram 35 a ma'aunin ɗakin gwaji, na zuba a lita ɗaya ta ruwa, na ce kowa ya ɗanɗana, domin matsakaicin gishirin teku ke nan. Wata ɗaliba ta kai cokali baki, ta ruga waje ta tofar, ta dawo tana goge harshe da gefen hijabi tana cewa: "Malam, a cikin wannan take rayuwa?" A nan muka rufe maganar kawo ciyawar ta gaske mu shuka. Ko da gishirin ya samu, zafi ba zai bar ta ba, domin tana fara wahala idan ruwa ya haura digiri 25, tana kuma mutuwa idan ya daɗe a wajajen 30, alhali ruwan randarmu ma a watan Afrilu ya kai haka.

2 ga Disamba 2023

Na tafi lambu neman kiri-kiri, don in nuna wa yara yadda tsiro ke yaɗuwa da kara mai tafiya a kwance. Dattijon da ke da lambun ya yi ta dariya, ya ce: "Ɗana, abin da na shekara talatin ina yaƙi da shi kake nema da kwando? Ɗebi har ka gaji." Ya sa hauya ya ɗago mini guda, muka bi ta a hankali da yatsu har muka zaro kara mai tsawon kamu uku bai tsinke ba, a kowace gaɓa saiwa ta yi ƙasa, ganye ya yi sama, ƙasa kuma ta manne a tsakanin saiwoyin ta ƙi zuba ko da na girgiza. Haka Zostera ke yi a cikin yashi da laka, har fili mai faɗi ya kasance tsiro ɗaya ne da ya yi ta miƙewa, kuma a tekun Baltik an samu irin wannan da shekarunsa suka haura 1000.

16 ga Disamba 2023

Gwajin farko ya lalace. Wani maƙeri ya tsaga mana tsohuwar gangar ƙarfe gida biyu a kan jika uku, daga aljihuna, muka zuba yashi da ƴar laka a kowane ɓari, muka kafa tsinkayen kaba a ɗaya a matsayin ganye, ɗayan muka bar shi fili. Da muka fara kaɗa ruwa da allo, kabar ta tsaya ƙyam kamar shinge, ta yi ta haƙa rami a gindinta, daga baya ta tuge ta taso sama, ruwan kwamin biyu ya zama kunu iri ɗaya. Laifin nawa ne, domin na manta cewa ganyen ciyawar teku laushinsa shi ne ƙarfinsa: yana kwanciya idan igiyar ruwa ta zo, ya rufe ƙasa, ya rage wa ruwan gudu, sannan ya miƙe. Na kuma manta da saiwa kwata-kwata. Yara uku ba su zo ba, ɗaya ya ce ya bar ƙungiyar.

13 ga Janairu 2024

Bayan hutu mun sake gini, kuma shawarar da ta gyara aikin daga wani ɗalibi ta fito, wanda mahaifinsa ke saƙa raga. Mun yanka tsofaffin ledoji zare-zare, tsawon taƙi biyu, faɗin ɗan yatsa, muka ɗaura su a jikin guntun raga, muka binne ragar a ƙarƙashin yashi don ta zama a madadin saiwa. Leda tana son tasowa sama, don haka zaren suka miƙe a cikin ruwan suna rangaji, har yaran da ba sa cikin ƙungiya suka taru a taga. Don auna tsabtar ruwa mun shafa wa murfin gwangwani farin fenti, muka ajiye shi a gindin kowane kwami. Sau biyar muka maimaita, kowane karo ana kaɗa allo sau 30. A kwamin da ke da ganye murfin bai taɓa ɓacewa daga ido ba, a ɗayan kuwa yakan ɓace tun kafin a kai kaɗawa ta goma, kuma sai an jira kusan rabin awa kafin a sake ganinsa. Sanyin hunturu ya sa hannayen masu kaɗawa suka ƙage, amma ba wanda ya yarda ya ba da allon.

Wannan gwaji shi ne zuciyar littafin, domin ciyawar teku tana cikin tsirran da suka fi kowa buƙatar haske, ta fi gansakuka nesa ba kusa ba, shi ya sa ba ta wuce ƴan mitoci a zurfi sai inda ruwa ke da tsabta ƙwarai. Ita ke kwantar da laka har ruwa ya washe, ruwan da ya washe kuma shi ke kai mata hasken da take rayuwa da shi. Idan ta mutu sai laka ta tashi, ruwa ya turɓune, ɗan tsiron da ya yi ƙoƙarin fitowa ya rasa haske. Da na faɗi haka, wata ɗaliba daga wajen Keita ta ce ai wannan shi ne faƙo, ƙasar da ta rasa ciyawa ta daskare, ruwa ya riƙa gudu a kanta ba ya shiga, iri ya faɗi bai samu wurin kamawa ba. Na rubuta maganarta a littafin kamar yadda ta faɗe ta.

27 ga Janairu 2024

Makonni biyu ina kan babi na uku, wanda ya fi kowane ba ni wahala, kuma shi na fi so. A farkon shekarun 1930 wata cuta ta afka wa Zostera a gaɓar Atilantika ta arewa, ta ɓangaren Amurka da ta Turai duka. Ganye yakan fara da baƙaƙen ɗigo, su bazu su haɗe, ya ruɓe ya tsinke, kuma cikin shekara biyu zuwa uku kimanin kashi 90 cikin ɗari na ciyawar ya tafi. Ƙwayar da ke jawo cutar, Labyrinthula zosterae, sai a 1991 aka tabbatar mata da wannan suna. Abin da ya biyo baya shi ne na fi son yara su gani. Wata dinyar teku mai baƙin wuya, wadda ciyawar ce abincinta a lokacin sanyi, ta ragu ƙwarai. Wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ba ya zama ko'ina sai a kan ganyen ciyawar ya ƙare daga Atilantika baki ɗaya, ba a sake ganinsa ba. A gaɓar jihar Bajiniya ta Amurka, guguwar 1933 ta zo ta share abin da cutar ta bari, sana'ar masu kamun wata halitta mai ɓawo biyu da ke girma a cikin ciyawar ta mutu.

Kusan shekara 70 gaɓar Bajiniya ta zauna fili. A wasu wurare ciyawar ta dawo da kanta, a nan kuwa shiru, har aka ɗauka ruwan ne ya lalace. A ƙarshen shekarun 1990 aka ga ɗan ƙaramin fegi ya tsiro, sai Robert Orth da abokan aikinsa na cibiyar nazarin teku ta Bajiniya suka fahimci cewa ruwan lafiyarsa ƙalau, iri ne kawai ba ya isowa. Suka riƙa tsinko rassa masu ƴaƴa daga inda ciyawar ke da rai, su ajiye su a manyan kwamaye har irin ya nuna ya zube ƙasa, sannan su watsa shi daga cikin jirgin ruwa, yadda manomi ke yafa iri. Sun watsa sama da miliyan 70 cikin kimanin shekara 20, a kan filin da bai fi hekta 200 da ƴan kai ba, ciyawar kuma ta ci gaba da kanta har ta rufe hekta 3,612 bisa rahoton da suka fitar a 2020.

Na so in haɗa wannan kai tsaye da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, inda mata suka ɗauki kaso mai yawa na jidar duwatsu da haƙa ramuka, da kuma tassa da rabin wata, wato ramukan tara ruwan sama, da manoman Illela da Badagishiri suka mayar da faƙo gona da su. Amma da na sake karanta abin da na rubuta, na ga ina neman tilasta wa misalin abin da ba zai ɗauka ba. A Keita ƙasar ce ta lalace, sai da aka fasa ta aka tare mata ruwa kafin iri ya yi amfani. A Bajiniya ƙasa da ruwa suna nan lafiya, shi ya sa iri kaɗai ya wadatar, kuma a wurare da yawa inda takin gona da ƙazantar birni ke kwarara cikin teku su ciyar da gansakuka har ta rufe haske, an shuka ciyawar ta mutu. Na gyara babin ya zama tambaya guda da ake yi kafin a taɓa komai: a wannan wuri, mene ne ya ɓace, iri ko ƙasa ko ruwa? A ganina wannan shafi ya fi sauran 15 amfani ga yaron da zai koma gonar gidansu.

10 ga Fabrairu 2024

Babin abinci ya zo da sauƙi. Mutanen Seri, da ke bakin teku a jihar Sonora ta Meziko, sun daɗe suna girbin ƴaƴan wannan ciyawa a wajajen Afrilu da Mayu, lokacin da rassan da suka nuna ke tsinkewa su taso saman ruwa. Sukan kwaso su, su shanya, su sussuka, su soya sama-sama, su sheƙe, su niƙa, su dama. Na ba yara aikin su tambayi tsofaffin gidajensu ko akwai ciyawar daji da aka taɓa ci haka, kuma goma sha ɗaya cikin goma sha uku suka dawo da amsa ɗaya, ƙarangiya. Wani ya kawo maganar kakarsa a rubuce, inda ta ce masa: "Jikana, mun daka ta har tafin hannu ya yi jini da ƙaya, kada Allah ya maimaita mana." Bambancin da na sa a littafin shi ne, a wurin Seri girbi ne na kowace shekara da ake murna da shi, a wurin kakanninmu kuwa abincin shekarar yunwa ne.

A layi biyu na ambaci tsibirin Læsø na Danmak, inda ake rufin ɗaki da busasshiyar ciyawar, rufi mai kauri da ke daɗewa ƙwarai kuma wuta ba ta kama shi da sauƙi saboda gishirin da ke jikinsa. Labarin Ángel León, mai dafa abincin nan na Sifaniya da ke gwada nomanta a matsayin hatsi a gaɓar Kadis, na cire shi, domin yara za su ɗauka an samu sabuwar shinkafa, alhali gwaji ne a ɗan ƙaramin fili.

17 ga Fabrairu 2024

Na kama kuskure babba kafin ya shiga injin bugu. A babin Afirka na rubuta cewa Zostera marina ce ke rufe gaɓar Banc d'Arguin ta Muritaniya, alhali ƙanwarta ce, Zostera noltei, mai gajeren ganye, wadda ke jure zama a fili idan ruwan teku ya janye, tare da wasu nau'o'i biyu. Na gyara, na kuma faɗaɗa babin, domin wannan shi ne wuri mafi kusa da mu: gandu ne da aka keɓe a 1976, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989, hamada tana gangarowa har bakin ruwa, masunta Imraguen suna kamun kifi da jiragen filafilai, tsuntsaye kuma kimanin miliyan biyu suna zuwa daga Turai da Saiberiya su yi hunturu. A can ne aka gudanar da wani ɓangare na binciken da aka wallafa a 2012, wanda ya nuna cewa ruɓaɓɓen ganye a cikin laka yana fitar da guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke iya kashe ciyawar, amma wasu ƙananan halittu masu ɓawo biyu da ke zaune a tsakanin saiwoyinta suna ɗauke da ƙwayoyin bakteriya da ke cinye gubar, ita kuma ciyawar tana tura musu iskar oksijin ta saiwa.

Alƙaluma biyu na mayar da su shafin ƙarshe, da bayanin cewa na dukkan ciyayin teku ne, nau'i kusan 70: binciken 2009 da ya ce kashi 29 cikin ɗari na filayen da aka sani sun ɓace tun daga 1879, da rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 da ya ce ciyayin, duk da ba su wuce kashi 0.1 cikin ɗari na gindin teku ba, suna iya riƙe har kashi 18 na kabon da teku ke ajiyewa.

24 ga Fabrairu 2024

Kwana biyu babu kuran a unguwar mai buga takardu. Da ya dawo, kwafin farko ya fito da ɗan akwati a madadin kowace ƙ da ɗ da ɓ, har "ɓawo" ya koma akwati da "awo". Sai da na kai nawa tsarin haruffan a waya. Kuɗin da muka haɗa da iyaye biyu ya isa kwafi 40.

1 ga Maris 2024

Mun yi nunin da hantsi a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar makaranta, don a tashi kafin masallacin Juma'a. Ɗalibai uku suka yi bayani da Hausa, ɗaya ta taƙaita da Faransanci. Shugaban makaranta ya naɗe hannun riga ya karɓi allon da kansa, ya kaɗa kwamin da babu ganye har murfin ya ɓace, ya koma ɗayan ya kaɗa da ƙarfin da ya fi na farko, ya sunkuya ya daɗe yana kallon farin murfin, sannan ya ce a ajiye masa kwafi biyu. Wani mahaifi, makiyayi ne da ya taɓa kai shanu bakin kogin Kwara, ya tambaya ko wannan ciyawa ita ce burgu. Ɗalibar da ta ɗanɗana ruwan gishiri ce ta amsa masa: "A'a Baba, burgu na ruwan daɗi ne, kuma kansa a waje yake yana shan iska, wannan kuwa duk rayuwarta a nutse take." Ya ce to ko ba ita ba ce, abin da ke kashe su ɗaya ne, domin ya ga inda yashi ya binne burgu kifi ya gudu.

4 ga Maris 2024

Kwafi 40 sun ƙare, an rubuta sunayen mutum 23 da ke jiran bugu na biyu. A shafi na 9 an juya hoton furen ƙasa a sama, sai an gyara. Kwamin da ke da ganye ya fara yoyo ta wajen ɗinkin ƙarfe, maƙerin ya ce a kai masa ranar Laraba. Ƙungiyar ta yanke shawarar cewa da faɗuwar ruwan farko za a jingine kwamayen biyu a kan gangare, a shuka gamba a ɗaya, a bar ɗayan faƙo, a riƙa auna yashin da ke zubowa daga kowanne bayan kowane ruwa. Dattijon mai lambu ya yi alkawarin saiwar gamba, ɗalibai biyu da ke zaune kusa da makaranta kuma sun ɗauki nauyin awon a lokacin babban hutu.